RA'AYINMU: Masu Neman Baƙi Da Masu Hasashen Kofi

Duk wanda ya zauna teburin mai shayi a Samaru da daddare cikin 'yan makonnin nan, ko ya ratsa ɗakunan kwana na Suleiman da Akenzua da Ɗanfodiyo bayan lisha, lalle ya ji gardama iri biyu da ɗalibai su ke ta yi ba sa gajiya. Ta farko ita ce wace jami'a za ta ci ƙwallon kwando idan an sake haɗuwa a wasannin jami'o'in Nijeriya, watau NUGA. Ta biyu, wadda ta fi zafi, ita ce a ina ya kamata a yi wasannin, kuma ko lokaci bai yi ba da Jami'ar Ahmadu Bello za ta sake ɗaga hannu ta ce a kawo mata. Wasu har sun zana jadawali a bayan littafin lacca, sun fid da waɗanda za su kai wasan kusa da na ƙarshe da waɗanda za su naɗe tabarma tun zagayen farko. Mun ji wani yana rantsuwa wai in dai a Zariya za a yi, to, ko da ƙafa ɗaya 'yan wasanmu su ka shiga fili kofi ba zai bar garin nan ba.

Gardama irin wannan ba laifi ba ce, har ma mun fi son ta da shirun da ya kan rufe harkar wasanni a tsakanin ɗalibai. Amma tun da yake maganar ta fara fita daga teburin mai shayi, ana ta kiran ƙungiyar ɗalibai ta sa baki ta matsa wa hukuma, ya zama wajibi wannan mujalla ta faɗi inda ta tsaya. Mu a namu ganin, da masu hasashen da masu neman baƙin duk sun tsallake tambayar da ta kamata a fara yi: daga ina 'yan wasan da za su ci mana wannan kofi za su fito?

Bari mu fara da ba masu son a kawo wasannin haƙƙinsu, don suna da hujja. An fara wasannin NUGA a Jami'ar Ibadan a 1966, lokacin da jami'o'in ƙasar nan ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Zariya ta karɓi baƙuncinsu a 1972, ta sake a 1982, sa'an nan a 2001. Tun daga wannan shekara ba a dawo ba, watau yawancin waɗanda ke cikin azuzuwa yau ba a haife su ba lokacin da a ka yi na ƙarshe a nan. A arewa an yi a Ilori da Bauci da Kano da Maiduguri, an yi a Makurɗi a 2017, an kuma ba Jos karo na 27. Amma in mutum ya bi jerin daga farko zai ga Ibadan da Legas su ne sunayen da su ka fi maimaituwa. Don haka wanda ya ce jami'a mai girman wannan, wadda a ka kafa tun 1962, bai kamata ta yi shekara ashirin da ɗoriya tana zuwa gidan mutane ba ta gayyaci kowa nata gidan ba, bai faɗi ƙarya ba.

Akwai kuma abin da baƙunci ya kan bari. Jami'ar da za ta karɓi dubban 'yan wasa dole ta gyara filayenta, ta gyara ɗakunan kwana, ta ga ruwa ya zo famfo, ta ga fitilu sun kama. Abin da ɗalibai su ka yi shekaru suna roƙo ba a yi ba, sai ka ga an yi shi cikin wata uku saboda kunyar baƙo. Masu abinci da masu ɗinki da 'yan acaɓa da masu Keke su ma su kan sami rabonsu. Ba mu raina wannan ba. Wanda ya taɓa ɗaukar bokiti da asuba yana neman inda ruwa ke ɗiga ba zai raina duk wata dabara da za ta sa a gyara famfo ba.

To, amma Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Wasannin nan kwana goma ne ko ɗan fiye, rana ta fito raɓa ta bushe. Na Legas an yi su cikin watan Maris na 2022, bayan shekara biyar cur ba a yi ba, alhali a ƙa'ida duk shekara biyu ne. An kuma yi su ne a tsakiyar yajin aikin malaman jami'o'i, wanda ya fara cikin Fabrairu bai ƙare ba sai Oktoba na wannan shekarar. Mai karatu ya duba wannan da kyau. Ɗalibin da ya shigo jami'a bayan wasannin Makurɗi, in karatunsa na shekara huɗu ne kuma ya tafi daidai, zai iya shiga ya fita bai taɓa ganin NUGA da idonsa ba, komai gwanintarsa. Wasan da ba a san ranar zuwansa ba, ta yaya za a ɗora masa dukan burin harkar wasanni ta jami'a guda? Kuma kuɗin da za a kashe a karɓi kowane irin wasa, daga ninƙaya zuwa guje-guje zuwa dara, kuɗi ne masu nauyi, a lokacin da kowa ya san yadda kuɗin lantarki kaɗai ya ke wahalar da jami'o'in gwamnati. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Sa'an nan zancen cewa mai gida shi ke cin kofi, wannan ma sai an yi masa gyara. Gaskiya ne ɗan wasa a gidansa ya fi sakin jiki: ya san filin, ya san inda ƙwallo ke tsalle da inda ya ke mutuwa, ya kwana a gadonsa, ya ci abincin da cikinsa ya saba, ga 'yan kallo suna yi masa kirari. Ɗan Fatakwal da za a kawo Zariya cikin hunturu, leɓɓansa na tsagewa, ba zai ji daɗi ba, kamar yadda namu ba sa jin daɗin gumin Legas. Amma a 2022 Jami'ar Legas ce mai gida, Jami'ar Fatakwal kuwa ita ta zo ta ɗaya a jerin lambobi, kuma ba wannan ne karonta na farko ba. Ba ta jira a kawo mata wasa ƙofar gida ba. Tana ɗaukar 'yan wasa da muhimmanci, tana horar da su ko akwai gasa ko babu, shi ya sa duk inda a ka je sai an ji sunanta.

A nan ma akwai wani ruɗani da masu hasashe ke yi, wanda ya kamata a warware. Cin NUGA dabam, cin ƙwallon kwando dabam. A ninƙaya ko guje-guje mutum ɗaya zai iya tara lambobin zinariya uku ko huɗu. A ƙwallon kwando kuwa, mutum goma sha biyu za su yi mako guda suna zufa, a ƙarshe a rubuta musu lamba ɗaya tak a jadawali. Saboda haka jami'ar da ke son sunanta ya hau sama a jerin lambobi da sauri, ba ƙwallon kwando za ta fara zuba wa kuɗi ba. Wannan wasa sai wanda ya ke son sa don kansa.

Tun da wasan daga Amurka ya fito, inda wani malami mai suna James Naismith ya ƙirƙiro shi a garin Springfield a 1891, ba laifi mu leƙa mu ga yadda su ke wannan gardama a can, don su ma suna yin ta. Jami'o'insu sun kasu rukuni-rukuni, kowane rukuni yana buga wasanninsa tun daga hunturu, sa'an nan cikin watan Maris ya yi gasar fid da gwani, wanda ya ci ya sami gurbi kai tsaye a babbar gasar ƙasa. Wasu rukunan sun tsai da wuri guda: rukunin Big East tun 1983 a zauren Madison Square Garden na birnin New York ya ke yin tasa. Wasu suna yawo da ita gari-gari, magoya baya na ta ƙorafin an kai ta kusa da wane an nisanta ta da wane. Wasu ƙananan rukunai kuma sun ce a buga a gidan wanda ya fi ƙoƙari cikin shekara, watau masauki lada ne, sai ka yi aiki za ka same shi. Wannan na ƙarshe ya fi burge mu. Amma abin lura shi ne, kafin a zo gardamar masauki, kowace ƙungiya ta riga ta buga wasa wajen talatin a shekarar. Mai hasashe a can yana da abin dubawa. Namu fa, me ya ke dubawa?

Mun tambayi da yawa daga cikin masu zana jadawalin nan su faɗa mana sunayen mutum biyar da ke fara wa jami'armu wasa. Kaɗan ne su ka iya kawo uku. Da mu ka tambaye su na Jos ko na Bayero ko na Legas, sai kallon-kallo. Ashe hasashen ba a kan 'yan wasan yau a ka gina shi ba, a kan suna ne. Kuma sunan gaskiya ne, ba mu musa ba. Zariya gari ne na ƙwallon kwando. Wani Ba'amurke, Oliver Johnson, wanda kowa ya fi sani da OBJ, ya shafe shekaru masu yawa yana koyar da wasan a wannan jami'a, kuma bai tsaya kan ɗalibai kaɗai ba, har yaran gari ya ke tarawa. Cikin yaran da su ka bi ta hannunsa akwai Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, ya fara wasan yana ɗan shekara 13, ya je ya zama babban manajan ƙungiyar Denver Nuggets a 2010, a ka zaɓe shi gwarzon manajojin NBA a 2013, kuma shi ke shugabancin Toronto Raptors lokacin da ta ci kofin NBA a 2019, kafin su rabu a 2025. Wannan abin alfahari ne ga duk wanda ya sha ruwan Kubanni.

Sai dai mu lura da abin da labarin ya ke koyarwa. Ujiri bai zama abin da ya zama ba don an yi NUGA a Zariya. Ya zama ne don akwai fili a buɗe, akwai kuma babba a bakin filin wanda ba ya korar yara. Hakeem Olajuwon ma, wanda Houston Rockets ta ɗauka na farko a zaɓen 1984, ƙwallon ƙafa da ƙwallon hannu ya ke yi a Legas har ya kai shekara goma sha biyar, sai a makarantar sakandare a ka miƙa masa ƙwallon kwando. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Wanda ya zo jami'a yana da shekara goma sha tara bai taɓa dungura ƙwallo da hannu ba, zai iya koyon wasan don motsa jini, amma da wuya ya kai inda za a dogara da shi a gasa. Ɗan wasan jami'a a sakandare a ke yin sa, jami'a gogewa kawai ta ke yi.

A nan ne mai rubuta wannan sharhi zai nemi izinin 'yan'uwa ya ajiye "mu" na ɗan lokaci ya yi magana da bakinsa. Ni mutumin Kurmin Kogi ne, a ƙaramar hukumar Ikara. Daga garinmu zuwa Zariya ba tafiyar kwana ba ce, mutum zai fito da hantsi ya yi azahar a Samaru. Amma ban taɓa riƙe ƙwallon kwando ba sai da na shigo jami'a. A makarantar da na yi akwai wasu ƙarafa biyu a tsaye a bayan azuzuwa, an ce da can akwai allo da zobe a jikinsu. Mu dai igiyar shanya mu ka tarar an ɗaura. Lokacin wasanni a jadawalin darussa yana nan a rubuce, sai dai shara a ke yi a cikinsa. Akwai wani abokina da mu ka tashi tare, dogo ne har sai ya sunkuya zai shiga zaure, ga hannu kamar faranti, ga sauri, in ana langa ba mai kama shi. Ranar da na fara tsayawa a bakin fili a nan na ga waɗanda a ke yi wa tafi, shi na tuna. Yana nan gida yana lodin rake, sana'a ce kuma ba abin kunya ba, amma ba wanda ya taɓa ba shi zaɓi.

Ba shi kaɗai ba ne. Duk wanda ya je kasuwar Makarfi ranar da ta ke ci ya ga samarin da ke ɗaga ɗaurin rake su jefa kan mota, ko ya bi fadamun Kudan da Hunƙuyi lokacin ɗibar tumatir, ko ya tsaya inda a ke dafa mazarƙwaila, ya san ƙarfi da tsawo da juriya ba su yi mana ƙaranci ba. Paki da Auchan da Saulawa da Pala duk haka. Mutanen da su ka riƙe kokawa da dambe da langa tun kaka da kakanni ba za a ce ba su san wasa ba. Abin da babu shi ne fili da ƙwallo da mai nunawa. Shi ya sa in ka duba waɗanda ke buga wa jami'o'in arewa wannan wasa za ka tarar yawancinsu 'yan birni ne, 'yan bariki, 'ya'yan ma'aikata da su ka tashi kusa da fili. Ba mu da ƙorafi a kansu, su ne su ka riƙe mana tuta. Amma rijiyar da a ke ɗiba ƙarama ce, ga kogi a gefe ba wanda ya kai guga.

Idan rijiya ta yi ƙaranci kuma, abin da ke biyo baya sananne ne. Tsohon kuka ne a wasannin makarantu da na jami'o'i a ƙasar nan cewa a kan shigo da sojan haya, watau a nemo gwani daga wata ƙungiya ta gari a yi masa katin ɗalibi na mako biyu. Ba mu nuna kowa da yatsa ba. Muna cewa ne kawai matsin da ke kan mai gida na lalle sai ya ci a gaban jama'arsa shi ne babban abin da ke kai mutane ga wannan hanya. Jami'ar da ta nemi baƙi ba ta tanadi 'yan wasa ba, ta sa kanta tsakanin kunya biyu, ko a lallasa ta a gida, ko ta ci da guminsu wasu.

Abin mamaki shi ne, cikin dukan wasannin zamani, ban da guje-guje, da wuya a sami wanda ya fi wannan sauƙin kaiwa ƙauye. Filin ƙwallon kwando mita 28 ne a tsawo, 15 a faɗi, watau murabba'in mita 420. Filin ƙwallon ƙafa cikakke guda ɗaya zai haɗiye irinsa goma sha bakwai. Ba ya son ciyawa, ba ya son ban ruwa. Daɓen siminti ne, da ƙarfe biyu, da allo biyu, da zobe a tsayin ƙafa goma, kuma duk mai walda a Ikara ko Makarfi zai iya ƙera su in an ba shi awo. Mutum biyar-biyar ke bugawa, in ba su cika ba uku-uku ma wasa ne a rabin fili, har ya shiga gasar Olamfik tun wasannin Tokyo. Wani zai ce ai da kaka mutanen gari za su mamaye daɓen su shanya masara da barkono da kauɗar tumatir. To, sai me? Su shanya da rana, a kwashe da la'asar yara su yi wasa. Daɓen da ke yi wa gari aiki biyu shi ne wanda gari zai tsare, ba zai bari ya farfashe ba.

Kada kuma a manta da 'yan mata, don a wannan wasa su ne su ka fi fid da ƙasar nan kunya. Ƙungiyar mata ta Nijeriya, D'Tigress, ta ci kofin Afirka sau biyar a jere, a 2017 da 2019 da 2021 da 2023 da 2025, kuma a wasannin Olamfik na Faris a 2024 ta zama ƙungiyar ƙwallon kwando ta farko daga Afirka, ta maza ko ta mata, da ta kai zagayen ƙungiyoyi takwas na ƙarshe. Maza sau ɗaya su ka ci na Afirka, a 2015. Amma da yawa daga cikin waɗannan gwanaye a makarantun Amurka su ka koyi wasan, watau wasu ne su ka yi mana noman mu ka zo girbi. Iyaye a yankinmu suna da damuwa ta gaskiya game da sutura da cuɗanya, kuma ba daidai ba ne a yi musu dariya. Amsarta tana nan: fili ƙarami ne, yana shiga cikin katangar makarantar 'yan mata, malama mace za ta iya koyarwa, kuma tun 2017 hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, ta yarda a yi wasa da ɗankwali ko hijabi. 'Yan ɗakunan Amina da Ribadu da ke wannan wasa su ne shaida.

Wata magana a gefe, ba za mu wuce ba mu taɓa ta ba. Hasashe na fatar baki nishaɗi ne, amma mun lura wasu sun mai da shi caca ta wayar hannu, a kan wasannin ƙasashen da ba su san ko a wace nahiya su ke ba. Kuɗin da uba ya sayar da buhun masara ya aiko, a ƙare shi a dare ɗaya kan ƙungiyar da ba a taɓa ganin fuskar ɗan wasanta ko ɗaya ba. Wanda ya ke ganin ya iya karanta wasa, ga fili nan, ya zo ya riƙe mana alƙalami ya riƙa rubuta wa ya jefa nawa, wa ya tare nawa, mu buga a wannan mujalla. Ko wannan kaɗai a ka yi, baɗi masu gardama za su sami abin kafa hujja.

Saboda haka ga abin da mu ke kira a yi, kuma mun san ba mu ne masu riƙe da lalitar jami'a ba. Kada ƙungiyar ɗalibai ta sa hannu a kan kiran a nemo NUGA gaba ɗayanta a yanzu. Kafin babbar gasa a kan yi wasannin share fage shiyya-shiyya a wasannin ƙungiya irin su ƙwallon kwando. Wannan shi ne daidai ƙarfinmu, shi ya kamata a nema, a kuma yi shi yadda baƙi za su koma suna labari. Fiye da haka, muna son a zauna da takwarorinmu na Kano da Kaduna da Katsina da Dutsin-ma da Dutse da Gusau da Sakkwato a ga ko za a iya tsara wasanni na kai-da-kai duk zangon karatu, yau a gidanka gobe a gidana, maza da mata. Yawancin waɗannan garuruwa tafiyar yini ɗaya ce ko ƙasa da haka, mota guda ta isa. Gasar ƙarshen shekara kuwa a ba wanda ya fi maki ya karɓa, kowa ya san da guminsa zai jawo ta gidansa, gardamar son kai ta mutu.

Na biyu ya fi na farko muhimmanci a wurinmu. Jami'ar nan tana da sashen da ke horar da malaman wasanni da kiwon lafiya, kuma ɗalibansa dole su fita koyarwar gwaji kafin su gama. Me zai hana a riƙa tura wasu daga cikinsu makarantun Ikara da Makarfi da Kudan da gangan, kowa da ƙwallo biyu a jakarsa, maimakon a cushe su duka a makarantun cikin Zariya da Sabon Gari? Ƙungiyoyin ɗalibai na ƙananan hukumomin nan uku, waɗanda mu ka san suna da kuzarin shirya walimar yaye ɗalibai da buga kalanda, su ɗauki makaranta ɗaya-ɗaya a matsayin aikin gayya. Yashi da tsakuwa akwai su a gida. Siminti a roƙi shugabannin ƙananan hukumomi da 'yan majalisa da manyan 'yan kasuwar rake da tumatir. Ujiri da kansa ya kafa gidauniyar Giants of Africa a 2003, wadda ta ɗauki alkawarin gina filaye ɗari a Afirka; ba mu ce za ta amsa ba, amma takarda ba ta da tsada, kuma takardar da ta fito daga Zariya ba za ta zama baƙuwa a teburinsa ba.

Ga 'yan'uwanmu matasan ma'aikata da ke karanta wannan mujalla a sakatariyar ƙananan hukumomi da ofisoshin ilmi na shiyya, ku ne ke rubuta daftarin kasafi kafin ya kai gaban manya, ku ne kuma ke zagayen duba makarantu. In kun je, ku zaga bayan azuzuwa ku duba ko akwai ƙarafa biyu a tsaye da igiyar shanya, ku sa a cikin rahoto. Ku tambayi shugaban makaranta me a ke yi a lokacin wasanni. Tambaya daga bakin mai duba makaranta tana da nauyin da tamu ba ta da shi.

Masu son a kawo wasannin za su ce mun kashe musu gwiwa, wai in ba a nema yanzu ba wasu za su riga mu, kuma gyaran famfo da fitilu ya tafi ke nan. Mun ji, kuma amsarmu ita ce ruwa da wuta haƙƙin ɗalibi ne ko da baƙo ko babu, a neme su da sunansu. Yaron da ke aji ɗaya na ƙaramar sakandare a Kurmin Kogi bana, in Allah ya yi masa nisan karatu, nan da shekara shida zai nemi gurbi a jami'a. In an zuba daɓen nan a wannan rani, zai iso Samaru da shekara shida na wasa a hannunsa, kuma a lokacin ne wannan mujalla za ta fi kowa ɗaga murya a kawo NUGA Zariya karo na huɗu. Shafinmu na wasiƙu a buɗe ya ke ga duk wanda bai yarda ba, musamman 'yan wasan da kansu, waɗanda har yanzu ba mu ji ta bakinsu ba a wannan gardama. Za mu kuma fara buga sunayensu da sakamakon kowane wasa da su ka yi daga fitowa ta gaba.